Idan An Sayar Da Shago, Har Da Masu Ciniki Aka Sayar?

A unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde, inda Hausawan babban birnin Kamaru suka fi taruwa tun zamanin Turawa, ba a rasa taro. Yau ɗaurin aure, gobe suna, jibi walimar sauka ko tarbar alhazai. A kowane taro kuma akwai matashin da ke tsaye da kyamara ko waya yana ɗauka, wanda zai koma ɗakinsa ya kwana yana yanka hotunan, yana jera su, yana saka sauti da sunayen ango da amarya, domin gari ya waye a tura wa dangi a Garwa da Ngawundere da Kano. Da wannan sana'a yake ci, da ita yake biyan haya. Jarinsa kuwa abu uku ne: abin ɗauka, gwanintar hannunsa, da manhajar da yake tace aikin da ita. Biyun farko suna hannunsa. Ta ukun mallakar wani kamfani ce a wata ƙasa da bai taɓa zuwa ba, kuma ana iya sayar da kamfanin nan cikin dare ɗaya ba tare da an nemi jin ta bakinsa ba.

Tambayar da nake so mu duba, mai karatu, ita ce: idan babban kamfani ya saye ƙaramin kamfanin da ya ƙera manhajar bidiyo, mene ne ainihin abin da aka saya? Kuma mutanen da suka ɗora abincinsu a kan manhajar, suna da wani haƙƙi a wuyan mai sayarwa da mai saye, ko kuwa nasu ido ne kawai?

Bari mu fara da abin da ya faru a zahiri, domin kada maganar ta zama ta shaci-faɗi. Akwai wata manhajar ɗaukar bidiyo da waya mai suna FiLMiC Pro, wadda wani ƙaramin kamfani a Amurka ya ƙera. Ta yi suna ƙwarai bayan an ɗauki fim ɗin Tangerine da ita a wayar iPhone 5s, fim ɗin da ya fito a 2015 ya nuna wa duniya cewa mai waya ma zai iya yin fim na sosai. Sau ɗaya ake biyan kuɗinta, ta zama taka. A 2022 kamfanin Bending Spoons na birnin Milan a Italiya ya saye ta. Sabon zubin da ya fito ya koma na biyan kuɗi mako-mako ko shekara-shekara, sannan a ƙarshen 2023 aka sallami ma'aikatan da suka gina ta baki ɗayansu. Sunan yana nan, tambarin yana nan, amma mutanen da aka yarda da su sun tafi, sharaɗin da aka shiga a kansa ma ya sauya.

Ba wannan ne karon farko ba. A 2002 kamfanin Apple ya saye Nothing Real, masu manhajar Shake da manyan masu shirya finafinai ke haɗa dabarun hoto da ita. Bai jima ba ya daina fitar da ita ga masu kwamfutar Windows, a 2009 kuma ya daina sayar da ita gaba ɗaya. Twitter ya saye Vine a 2012 tun kafin ta fito kasuwa, ta fito a farkon 2013, matasa suka cika ta da bidiyoyin daƙiƙa 6, wasu suka yi suna suka sami abin yi, sannan a watan Oktoba na 2016 aka sanar za a rufe ta. Haka Periscope, manhajar nuna abu kai tsaye, wadda Twitter ya saya a 2015 ya rufe a 2021. Tsofaffin hannu a sana'ar bidiyon biki za su tuna Ulead da Pinnacle: ta farkon ta faɗa hannun Corel a 2006, ta biyun Avid ya saye ta a 2005 ya sayar wa Corel a 2012. Abin da mutum ya koyi sana'a a kansa yana ta sauya iyayen gida, shi kuwa yana zaune a shagonsa bai ma sani ba.

To, mene ne mai saye ke biyan maƙudan kuɗi a kai? Kamfanin da ke da dubban injiniyoyi ba ya rasa hanyar rubuta manhajar yanka bidiyo. Abin da ba zai iya ƙerawa a ofis ba shi ne taron mutanen da suka riga suka saba. Abin sha'awa, dokar kasuwancin da ake aiki da ita a Kamaru da Nijar ta faɗi wannan a fili. Ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993 don daidaita dokokin kasuwanci na ƙasashe 17, kuma sakatariyarta ta dindindin ke nan Yawunde, ta bayyana abin da Faransanci ke kira fonds de commerce, wato kasuwancin da ake iya sayarwa ɗungurungum. A cikin abubuwan da dole ya ƙunsa akwai masu ciniki, tare da suna ko alamar shago. Ma'ana, a idon doka, mu da muke zuwa saye muna cikin lissafin kayan da aka yi wa kuɗi.

A shagon unguwa wannan bai cika zama matsala ba. Idan mai tsire a Briqueterie ya sayar da tukubarsa, sabon mai wurin ya rage yaji ko ya ƙara kuɗi, taku goma za ka yi ka tarar da wani. Masu cinikin da aka saya suna da ƙafa, kuma ƙafar nan ita ke tilasta wa sabon mai wuri ya riƙe mutunci. Manhaja ba haka take ba. Wanda ya shekara biyar yana aiki da ita ya san inda kowane maɓalli yake ko da idonsa a rufe. Ayyukansa na baya suna ajiye a tsarin da ita kaɗai ke buɗewa. Yaran da ya koya wa aiki ita suka iya. Kwamfutarsa ma wataƙila don ta ɗauke ta ya saya. Ranar da ya ce zai ƙaura, zai yi asarar makonni yana koyon sabuwa, bukukuwa suna wucewa, masu aiki suna jiransa. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma a nan ba wauta ce ta ɗaure shi ba, ƙwarewarsa ce ta zama igiyar. Gwargwadon yadda ya iya aikin, gwargwadon yadda barinsa zai yi masa tsada. Wannan tsadar ficewa ita ce babbar kadarar da ake sayarwa, kuma shi ne ya tara ta da guminsa, ba kamfanin ba.

A nan ne nake ganin maganar ta tashi daga ciniki ta koma ta amana. Mu leƙa kasuwar shanu ta Etoudi a arewacin Yawunde, inda ake sauke dabbobin da suka fito daga Adamawa da sauran yankunan arewa. Cinikin shanu a ƙasar Hausa da zangunanta ya daɗe yana tafiya a kan mutum na tsakiya, dillali ko mai masauki, wanda baƙo ke damƙa wa dabbobinsa, wanda ke tsaya wa mahauci a ba shi bashi. Ba takarda ke riƙe wannan hulɗa ba, sanin hali ne na shekara da shekaru. Yanzu a ce dillalin ya tsufa ya sayar wa wani da rumfarsa. Zai iya sayar da rumfa, da benci, da igiyoyi. Amma ba zai iya cewa "na sayar maka da yardar da Alhaji wane ya yi da ni" ba, domin yardar ba tasa ba ce, ta Alhajin ce, aro ya ba shi saboda abin da ya gani na halinsa. Abin da ya dace shi ne ya kira baƙinsa ya ce musu ga wanda zai gaje ni, ga abin da na sani game da shi, wanda ya ga dama ya zauna, wanda bai ga dama ba ga dabbobinsa da lissafinsa. Idan kuwa ya bar sunansa a rumfar don baƙi su ci gaba da zuwa suna zaton shi ne, alhali ya san sabon mai wurin da wata manufa ya zo, kowa a kasuwar ya san sunan wannan aiki.

Abin da ake yi da manhajoji ke nan sau da yawa. Ana barin suna da tambari domin su ne ke riƙe da mutane, sai a sauya abin da ke ƙarƙashinsu: farashi, sharuɗɗa, inda bayanan mutane ke zuwa, da mutanen da ke amsa kuka. Saƙon da ake turowa ranar ciniki kusan kullum iri ɗaya ne, cike da murna da alƙawarin cewa babu abin da zai canja. Mai karanta saƙon a Briqueterie, wanda wataƙila da Faransanci ko Ingilishi ya zo masa cikin dogon rubutun lauyoyi, ba shi da zaɓi sai ya danna "na yarda", don akwai bikin da zai miƙa gobe. Yardar da aka karɓa daga mutumin da aikinsa ke kulle a hannunka, da wuya a kira ta yarda.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da lura cewa ciniki tsakanin mutum biyu yana iya cutar da na uku. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta babin shuf'a: idan mutum biyu sun yi tarayya a gida ko gona da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyar yana da ikon karɓar kason a kan kuɗin da aka saya. Hikimar ita ce kada a wayi gari an ɗora wa mutum abokin zaman da bai zaɓa ba. Haka kuma mafi yawan malamai suna ganin sayar da gidan da ke cikin haya ba ya rushe hayar, mai saye zai jira wa'adin ya cika. Dokar OHADA ma ta tanadi irin wannan ga hayar wurin sana'a: sabon mai gini yana gadon alƙawuran tsohon. Ba ina cewa mai amfani da manhaja yana da shuf'a a shari'ance ba, wannan fatawa ce kuma tana da masu ita. Abin da nake ɗauka daga nan shi ne tunanin da ke ƙasa: mallakar abu ba ta ba mutum izinin manta wanda ya jingina rayuwarsa da abin, kuma alƙawari yana bin kaya zuwa hannun sabon mai shi.

Sai dai adalci ya sa mu saurari ɗaya ɓangaren, kuma hujjojinsa ba na wasa ba ne. Na farko, wanda ya ƙera manhaja da basirarsa da kuɗinsa yana da ikon sayar da abinsa. Ƙananan kamfanoni da yawa ba riba suke ci ba, bashi suke ci, kuma idan ba a saye su ba rufewa za su yi, masu amfani su tashi a tutar babu. Na biyu, akwai cinikin da ya zama alheri ga talaka. A 2009 kamfanin Blackmagic Design na Ostireliya ya saye da Vinci Systems, masu na'urar gyara launin fim da a da sai manyan ɗakunan shirya finafinai ke iya saye. A 2011 ya fitar da DaVinci Resolve na kyauta, yau ga shi yaro a Yawunde ko Zariya yana iya sauke ta ya yi aiki da halalinsa. Google ya saye YouTube a 2006 a kan dala biliyan 1.65, a lokacin da ƙaramin kamfanin ke fama da tsadar ɗaukar nauyin bidiyoyi da barazanar ƙararraki. Ba don aljihun Google ba, da wuya dandalin ya kai inda ya kai. Da kasuwar faifai ta mutu a Kano, YouTube ɗin nan ne ya zama mafakar Kannywood, inda shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So suka sami masu kallo daga Kano har Briqueterie.

Waɗannan misalai gaskiya ne, kuma sun isa su hana mu cewa kowane saye zalunci ne. Amma a lura da dalilin da ya sa suka yi kyau. Blackmagic kyamarori da na'urori yake sayarwa, don haka yawan masu amfani da manhajarsa riba ce gare shi. Google talla yake sayarwa, yawan masu kallo shi ne abincinsa. Alherin ya zo ne saboda buƙatar mai saye ta dace da buƙatar mai amfani, ba don an ba mai amfani wani haƙƙi ba. Ranar da buƙatun suka rabu, a nan ake gane wa ke da iko. A farkon 2018 YouTube ya sanya sharaɗin cewa sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin ta ci kuɗin talla, ƙananan tashoshi masu yawa suka wayi gari an cire su. Wanda yake cin alheri a matsayin kyauta, ba a matsayin haƙƙi ba, yana zaune ne a inuwar da mai bishiya ke iya sarewa duk ranar da ya so.

Akwai kuma hujja ta uku da ta fi taɓa mu kai tsaye. Wani zai ce: da yawa daga masu tace bidiyo a unguwanninmu ba su taɓa biyan ko sisi ba, ko dai na kyauta suke amfani da shi ko kuma wanda aka fasa aka kwafa a kasuwa. Da wane baki za su yi kukan an ci amanarsu? Game da kwafin sata, maganar tana da ƙarfi, kuma bai kamata mu yi mata kwana-kwana ba: wanda ya ɗauki aikin wani ba da izini ba ya raunana hujjarsa, ko da talauci ne ya kai shi. Amma mai amfani da na kyauta daban ne. Shi gayyatarsa aka yi. An buɗe masa ƙofa ne domin yawan irinsa ne ke sa kamfani ya yi daraja ranar ciniki. Kowane bidiyon biki da ya fita da tambarin manhajar a kusurwa talla ce da ya yi musu ba a biya shi ba. Wanda aka ƙirga kansa aka karɓi kuɗi a kai ba za a ce ba ya cikin cinikin ba.

Sannan sauya tsari daga saye sau ɗaya zuwa biya wata-wata ba nauyi ɗaya yake da shi a ko'ina ba. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, don haka biyan yuro 50 a shekara ya haura sefa 32,000. Ga wanda ke Milan wannan kuɗin cin abincin dare ne. Ga matashin da aikinsa ke bin yanayi, ya yi yawa bayan Sallah ya ja baya a azumi, kuɗi ne da ake tunani kafin a fitar. Ko yana da kuɗin ma, ana neman katin banki, shi kuwa harkarsa a Orange Money ko MTN Mobile Money take. Idan kuma sabon zubin ya ce sai da intanet zai buɗe, an ƙara masa kuɗin data da jiran layi. Shawara ɗaya da aka yanke a ɗakin taro tana sauka a kan mutane da nauyi mabambanci, kuma wanda ya fi jin nauyin shi ne wanda muryarsa ta fi nisa da ɗakin.

Saboda haka ga matsayata. Sayar da kamfani halal ne, amma akwai abu uku da ke bin cinikin kamar yadda bashi ke bin gado. Na ɗaya, gaskiya a kan lokaci: a faɗa wa mutane abin da zai sauya tun da sauran wa'adi, cikin harshen da za su gane. Na biyu, ƙofar fita: kowa ya iya kwashe ayyukansa a tsarin da wata manhaja za ta buɗe, ba tare da an ce sai ya biya kafin ya ɗauki abin da shi ya yi ba. Na uku, cika tsohon alƙawari: wanda ya biya a kan cewa abin ya zama nasa, a bar masa shi yana aiki. Mai saye da ya riƙe waɗannan ya sayi shago ne. Wanda ya take su ya yi garkuwa da guminsu ne, ko da lauyoyinsa sun tsara takardun yadda babu kotun da za ta kama shi. Mai sayarwa ma ba ya fita da wanke hannu, domin shi aka yarda da shi, kuma yana da damar sa waɗannan sharuɗɗa a teburin ciniki ko da za su rage masa farashi.

Kada kuma a ce kuka ba ya amfani. Bayan Microsoft ya saye Clipchamp ta birnin Brisbane a 2021 ya saka ta cikin Windows 11, mutane sun yi ca a kan cewa na kyautar ba ya fitar da hoto mai kyau, a 2022 kamfanin ya buɗe fitar da 1080p kyauta. A ƙarshen 2023 Adobe ya janye daga sayen Figma a kan dala biliyan 20 saboda hukumomin Tarayyar Turai da Birtaniya sun ƙi sakin hanya. A 2024 hukumar kare masu saye ta Nijeriya, FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan yadda ake sarrafa bayanan 'yan ƙasar. Waɗannan sun nuna cewa manyan kamfanoni suna jin magana idan ta fito daga taro ko daga hukuma. Masu sana'ar bidiyo a unguwanninmu, da suke da yawa amma kowa na ta kansa, suna da darasi a nan.

Saura abin da ke wuyan mai sana'ar kansa, domin shi ma riƙe yake da amanar wasu. Bidiyon ɗaurin aure ba nasa ba ne, na iyalin ne, kuma wata rana za a zo nemansa saboda a cikinsa ne kaɗai muryar wata kaka ta rage. Idan ya bar shi a rumbun wani kamfani kawai, ya ɗauki amanar da aka ba shi ya miƙa wa wanda bai sani ba, wanda shi ma gobe zai iya miƙa wa wani. Ya ajiye ainihin abin da ya ɗauka a ma'ajiyar da ke hannunsa, ya fitar da kowane aiki a tsarin da kowace na'ura ke buɗewa, ya ba masu biki nasu kwafin, ya kuma koyi manhaja ta biyu tun kafin ta farko ta juya masa baya. Yaran da yake koya wa aiki kuma ya koya musu dalilin yanka hoto a nan ba a can ba, da yadda sauti ke ɗaukar labari, domin wannan ilimin yana bin mutum duk manhajar da ya koma, kuma babu ɗakin taron da za a zauna a sayar da shi.